Noman Cikin Ruwa: Yadda Ake Auna Tsami da Daidaita Taki da Na'urorin pH da EC

Mutum zai sayi bututu, ya haɗa tanki da ƙaramin injin tura ruwa, ya jera latas a tsakar gida ko a saman bene. Sati biyu na farko komai lafiya lau. A sati na uku sai sababbin ganyen da ke fitowa a tsakiya su fara komawa rawaya. Abin da ke fara zuwa ran kowa shi ne taki ya yi kaɗan, don haka sai a ƙara. Bayan 'yan kwanaki ganyen su ƙara dusashewa, gefensu ya fara ƙonewa, kuɗin iri da na taki su bi ruwa.

A mafi yawan irin wannan matsala, abincin yana nan cikin tanki, shukar ce ta kasa ɗauka saboda tsamin ruwan ya kauce daga inda ya kamata. Ƙarin taki a wannan hali ƙara wa ciwo gishiri ne. Shi ya sa duk mai son noman cikin ruwa, wanda ake kira haidurofonik, yake buƙatar ƙananan na'urori guda biyu tun kafin ya sayi iri: ma'aunin pH da ma'aunin EC. A wannan rubutu za mu duba abin da kowannensu ke aunawa, abin da ba ya iya gani, da yadda ake aiki da lambobin da suke nunawa.

Abin da ƙasa ke yi wa manomi a ɓoye

Shuka na buƙatar sinadarai 17 don ta rayu. Uku daga ciki tana samunsu daga iska da ruwa. Sauran 14 saiwa ce ke tsotso su. Shida ana buƙatarsu da yawa: naitirojin, fosfaras, fotasiyam, kalsiyam, magnisiyam da salfa. Sauran kuwa, irin su sinadarin ƙarfe, manganis, zinki, tagulla da boron, ɗan kaɗan ake buƙata, amma rashin ɗaya daga cikinsu ya isa ya tsayar da girman shuka.

A gona, laka da ruɓaɓɓen taki suna riƙe waɗannan sinadarai suna sakinsu sannu a hankali. Idan manomi ya zuba taki fiye da kima, ƙasa takan shanye wani ɓangare na kuskuren. A cikin tanki babu mai yin wannan aiki. Abin da ka zuba shi saiwa za ta tarar nan take.

Ilimin ba sabo ba ne. A wajajen 1860 masana biyu a Jamus, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, sun nuna cewa shuka za ta girma a cikin ruwa zalla matuƙar an narkar da sinadaran da take buƙata. William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka shi ya yaɗa sunan haidurofonik a 1937, sannan a 1938 Dennis Hoagland da Daniel Arnon suka wallafa haɗin ruwan takin da har yau ɗakunan bincike ke amfani da shi. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne na'urorin awon da a da sai a jami'a, yanzu sun koma girman alƙalami, kuma ana samunsu a kasuwannin intanet.

Mene ne pH?

Uwar gida ta san wannan ilimi tun kafin ya shigo aji. Tana da ruwan tsamiya da lemon tsami a gefe guda, tana da kanwa a ɗaya gefen, kuma ta san ɗaya na kashe kaifin ɗaya. Ma'aunin pH lamba ce kawai da ke nuna inda ruwa ya tsaya tsakanin waɗannan ɓangarori biyu. Yana tafiya daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Duk abin da ya yi ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami, abin da ya haura 7 yana ɓangaren kanwa. Ruwan lemon tsami yana wajajen 2.

Mai son ya gani da idonsa ya zuba zoɓo a kofi biyu. Ya matsa lemon tsami a ɗaya, zai ga jan ya ƙara haske. Ya ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, zai ga ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Launin zoɓo yana bin pH ne, kuma da irin wannan dabara takardun awo masu sauya launi suke aiki.

Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Søren Sørensen, shi ya ƙirƙiro wannan ma'auni a 1909. A 1934 Arnold Beckman ya ƙera na'urar lantarki ta auna shi a Kalifoniya, kuma tsamin ruwan lemo aka fara nufin aunawa da ita.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe: tazarar da ke tsakanin lambobin ninki goma ce. Ruwa mai pH 5 ya fi mai pH 6 tsami sau goma, ya fi mai pH 7 sau ɗari. Don haka idan na'ura ta nuna 7.0 maimakon 6.0, kada a ce ai lamba ɗaya ce kacal.

Tsakanin 5.5 da 6.5

Yawancin kayan lambu da ake nomawa a ruwa, irin su latas, tumatir, kokwamba, tattasai da alayyahu, sun fi samun abincinsu idan pH yana tsakanin 5.5 da 6.5. Dalilin yana komawa ga narkewa. Saiwa ba ta cin abu mai ƙwaya, sai abin da ya narke a ruwa.

Idan pH ya haura 6.5 ya doshi 7, sinadarin ƙarfe shi ke fara fita daga narke, manganis da zinki su biyo baya. Fosfaras kuma sai ya haɗe da kalsiyam su zama farin gari da ke kwanciya a gindin tanki yana toshe ƙananan bututu. Ka biya kuɗin sinadaran, suna cikin tankinka, amma shuka na fama da yunwa.

Idan kuma pH ya faɗi ƙasa da 5, shan kalsiyam da magnisiyam yakan ragu, manganis ya shiga jikin shuka fiye da kima, bakin saiwa mai laushi ya fara lalacewa.

Ba dole ba ne a kafe a kan lamba ɗaya. Ruwan da ke yawo tsakanin 5.8 da 6.3 ba ya buƙatar a taɓa shi. Masu bin kowane ɗan motsi da ɗigon sinadari sukan ƙare da tanki cike da abin da shuka ba ta nema ba.

Me ke sa pH ya motsa?

Abu na farko shi ne ruwan da aka fara da shi. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana ɗauke da sinadarin baikabonet, wanda ke cinye tsamin da aka zuba. Alamarsa a gida sananniya ce: sabulu ba ya kumfa sosai, kuma farin datti na maƙalewa a cikin butar dafa ruwa. Irin wannan ruwa yana da taurin kai. Ka sauke shi zuwa 6.0 da safe, kafin yamma ya koma 7. Ruwa biyu za su iya nuna pH iri ɗaya amma ɗaya ya ci sinadarin tsami ninki uku na ɗayan, saboda na'urar pH ba ta auna wannan taurin kai. Ana gano shi ne ta gwajin bokiti da za mu zo kansa.

Ruwan sama kishiyar wannan ne. Kusan babu gishiri a cikinsa, don haka ɗigo kaɗan ke jefa shi ƙasa. Wanda ya tara ruwan damina ya gauraya shi da na burtsatse yakan sami ruwa mai sauƙin sarrafawa fiye da kowannensu shi kaɗai.

Abu na biyu ita ce shukar kanta. Naitirojin yana zuwa a siffa biyu: naitiret da amoniyam. Idan saiwa ta sha naitiret, pH yakan hau. Idan ta sha amoniyam, yakan sauka. Tunda takin haidurofonik mafi yawansa naitiret ne, ɗan hawan pH kullum alama ce ta shuka mai ci da lafiya. Faɗuwar pH da sauri ba gaira ba dalili kuwa tana iya nuna amoniyam ya yi yawa, ko saiwa ta fara ruɓewa.

Abu na uku shi ne abin da aka dasa shukar a ciki. Tsakuwa mai farar ƙasa tana ɗaga pH ba ƙaƙƙautawa. Buntun shinkafa da aka babbake yana zuwa da toka, sai an wanke shi sosai. Garin ɓawon kwakwa kuma yakan riƙe kalsiyam ya saki fotasiyam da gishiri, don haka ake wanke shi a jiƙa shi da ruwan kalsiyam naitiret kafin dashe.

Na huɗu shi ne girman tanki. Ƙaramin tanki mai shuka da yawa yana sauyawa cikin awanni, babba kuma yana ba ka lokaci.

EC: yawan abincin da ke cikin ruwa

Tataccen ruwa ba ya wuce da lantarki sosai. Da zarar an narkar da gishirin taki a ciki sai ya fara wucewa, kuma gwargwadon yawan gishirin gwargwadon ƙarfin wucewar. Wannan shi ne abin da na'urar EC ke aunawa da ƙananan ƙarafa biyu da ke bakinta. Tana nuna sakamako da mS/cm, wasu kuma da µS/cm, inda 1,000 na biyun yake daidai da 1.0 na farkon.

Ga kimanin inda manoma ke ajiye EC:

Tsiron da bai daɗe da fitowa ba: 0.5 zuwa 1.0
Latas: 1.0 zuwa 1.8
Kokwamba: 1.7 zuwa 2.5
Tattasai da attaruhu: 2.0 zuwa 3.0
Tumatir mai 'ya'ya: 2.0 zuwa 3.5

A auna ruwan rijiya kafin a zuba masa komai. Idan ya nuna ƙasa da 0.5, ruwa ne mai kyau. Idan ya kai 1.0 ko ya wuce, to mai zartsi ne, kuma ya riga ya cinye gurbin da taki zai shiga. Latas ba zai ji daɗinsa ba sai an surka shi da ruwan sama ko an tace shi.

Akwai wani ruɗani da ya kamata mai saye ya sani. Na'urori masu araha da yawa suna nuna ppm maimakon EC, ana kiransu ma'aunin TDS. EC ɗin dai suke aunawa, sai su ninka shi da wata lamba. Wasu kamfanoni suna ninkawa da 500, wasu da 700. Ruwa mai EC 2.0 zai nuna 1,000 a na'ura ɗaya, ya nuna 1,400 a wata. Idan wani ya ba ka shawara da ppm ba tare da ya faɗi irin na'urarsa ba, shawarar ba ta cika ba. Mafi aminci a saba da yin magana da EC kai tsaye.

Yadda ake karanta motsin EC

Lambar rana ɗaya ba ta faɗin abu mai yawa. Kwatanta ta jiya da ta yau, tare da tsayin ruwa a tanki, shi ke ba da labari.

Idan ruwa ya ragu kuma EC ya hau, shuka ta sha ruwa fiye da abinci. Haka yakan faru a ranakun zafi. Maganinsa ruwa zalla. A ce tanki mai lita 100 ya ragu zuwa lita 70, EC ya hau zuwa 2.4. Idan aka cika shi da lita 30 na ruwa mai EC 0.3, lissafin zai zama 70 sau 2.4, wato 168, a haɗa da 30 sau 0.3, wato 9, a raba 177 da 100. Sakamakon ya kusa 1.8, kuma ba a zuba ko cokali ɗaya na taki ba.

Idan ruwa ya ragu kuma EC ya sauka, shuka na ci sosai, sai a ƙara taki. Idan ruwa ya ragu EC bai motsa ba, haɗin ya yi daidai da buƙatarta. Idan kuwa ruwa bai ragu ba sam, a ɗaga shuka a duba saiwa. Mai lafiya fara ce mai ƙarfi. Wadda ta koma ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, tana wari, ta kamu da ruɓa.

Abin da EC ba ya gani

Na'urar EC jimilla take bayarwa. Ba ta san bambancin fotasiyam da gishirin miya ba. Shuka na zaɓen abin da take so ta bar saura, don haka bayan makonni ana cika tanki, sodiyam da sauran abin da ba ta ci sukan taru. EC zai nuna 1.8 kamar kullum alhali rabin lambar tarkace ne. Wannan ne dalilin da ya sa ake zubar da ruwan tanki gaba ɗaya a haɗa sabo duk bayan sati biyu zuwa uku. Tsohon ruwan ba asara ba ne, a ba bishiyoyi ko shukar ƙasa.

Haka kuma takin yuriya ba ya wuce da lantarki idan ya narke, don haka na'urar ba ta ganinsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa takin buhu na gona, irin su NPK 15-15-15 da yuriya, bai dace da tanki ba. An yi shi ne don ƙasa. Yana da amoniyam ko yuriya da yawa, yana barin laka, kuma ba ya ɗauke da cikakken kalsiyam, magnisiyam da ƙananan sinadarai.

Sinadaran kuma suna gasa a bakin saiwa. Fotasiyam idan ya yi yawa yakan danne magnisiyam da kalsiyam. Amoniyam ma yakan danne kalsiyam. Fosfaras mai yawa yakan hana shan zinki. Saboda haka ƙara sinadari ɗaya don magance wata alama yakan haifar da wata sabuwa.

Takin haidurofonik yana zuwa kashi biyu, A da B. Kalsiyam naitiret na cikin A, galibi tare da sinadarin ƙarfe. Masu salfa da fosfaras, kamar magnisiyam salfet, suna cikin B. Idan aka haɗa su da kaurinsu, kalsiyam da salfa sukan dunƙule su zama jifsam, dangin farin garin da ake silin da shi, kuma ba zai sake narkewa yadda ake so ba. Ƙa'idar ita ce a cika tanki da ruwa, a zuba A a motsa sosai, sannan a zuba B.

Ga masu ruwa mai taurin kai, a duba irin sinadarin ƙarfen da ke jikin kwalin. Mai alamar EDTA yana rasa ƙarfinsa idan pH ya wuce 6.5. Mai DTPA yana jurewa zuwa wajajen 7. Mai EDDHA ya fi su duka juriya, sai dai ya fi tsada kuma yana rina ruwa ja.

Ganye ma na'ura ne

Wurin da alama ta fara fitowa yana nuna sinadarin da ake rashi. Naitirojin, fosfaras, fotasiyam da magnisiyam shuka na iya kwashe su daga tsohon ganye ta kai wa sabo, don haka rashinsu a ganyen ƙasa yake fara bayyana. Ƙarfe, kalsiyam da boron ba sa tashi daga inda suka zauna, don haka sabon ganye ne ke fara nunawa.

Tsohon ganye da ya yi rawaya gaba ɗaya yana nuna naitirojin. Tsohon ganye da ya yi rawaya amma jijiyoyinsa na nan kore yana nuna magnisiyam. Irin wannan alama a sabon ganye kuwa ƙarfe ne, kuma abin da ya kamata a fara yi shi ne auna pH. Baƙin tabo a gindin tumatir da ƙonewar bakin ganyen cikin latas matsalar kalsiyam ce, amma sau da yawa kalsiyam ɗin na nan a ruwa, zafi ko EC mai yawa ko rashin motsin iska ne ya hana shi isa inda ake buƙatarsa.

Zaɓen na'ura da kula da ita

Akwai mataki uku. Takardar awo da ruwan ɗigo mai sauya launi sun fi araha, ba sa buƙatar batir, amma kimanin lamba suke bayarwa. Sai na'ura mai siffar alƙalami, wadda ta ishi mai ƙaramin lambu. Kamfanoni irin su Hanna, Apera da Bluelab sun yi suna a wannan fanni, akwai kuma marasa suna masu araha. Na uku su ne waɗanda ake kafewa a bango bakinsu na cikin tanki dare da rana.

Wajen saye a duba abu uku: na'urar na gyara lissafinta daidai da zafin ruwa, ruwa ba ya shiga jikinta, kuma ana iya sauya bakinta idan ya mutu. Batun zafi yana da muhimmanci, domin EC na hawa da kimanin kashi 2 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya, kuma digiri 25 aka ɗauka a matsayin mizani.

Bakin na'urar pH ƙwan gilashi ne mai laushi, kuma yana kaucewa a hankali ko ana amfani da shi ko ba a yi. Sai an riƙa saita shi da ruwan saiti mai lamba sananniya, galibi 7.00 da 4.01. Masu araha sukan zo da ƙullin gari na 6.86 da 4.01 da 9.18 da ake narkarwa a mililita 250 na tataccen ruwa. A yi saitin duk sati ko sati biyu. Na'urar EC ana saita ta da ruwa mai lamba 1413, kuma ta fi ta pH haƙuri.

Kada a bar ƙwan gilashin ya bushe, kada a goge shi da tsumma, kada kuma a ajiye shi cikin tataccen ruwa, domin yana zuƙe sinadarin da ke cikinsa. Yana da ruwan ajiya na musamman da ake ɗigawa a murfinsa. Ko da an kula da shi, shekara ɗaya zuwa biyu yakan yi. Idan ya fara jinkirin tsayawa a kan lamba, ya tsufa. Na'urar da ba a saita ba za ta iya sa mutum ya zuba tsami a ruwan da ba ya buƙata, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ajiye ruwan ɗigo mai sauya launi a gefe don tabbatarwa dabara ce mai arha.

Yadda ake gyara pH

A bi wannan jeri: ruwa, sai taki, sai awon EC, sannan pH daga ƙarshe, domin takin kansa yana sauya tsami.

Don saukar da pH an fi amfani da asid na fosfaras. Yana da kyau, amma mai ruwa mai taurin kai da ke zuba shi kullum ya tuna yana ƙara fosfaras ne a tanki. Lemon tsami da binega suna saukar da pH na ɗan lokaci, ƙwayoyin halitta su cinye su cikin kwana ɗaya ko biyu, lambar ta dawo inda take. Ruwan tsohon batir kuwa haɗari ne, yana ɗauke da dalma, kuma kayan lambun ci ake nomawa.

Don ɗaga pH ana amfani da fotasiyam haidoroksaid ko fotasiyam baikabonet. Kanwa da bakar soda ta yin burodi za su ɗaga shi, amma sodiyam suke tarawa. Sau da yawa ma ƙara ruwan burtsatse kaɗan ya wadatar.

Gwajin bokiti shi ke hana kuskure. A ɗebi lita 10 daga tanki, a ɗiga asid da sirinji ana ƙirgawa har pH ya kai 6.0, a jira minti 30 a sake aunawa. Idan mililita 2 ya ci, tanki mai lita 100 zai ci kimanin 20. A fara zuba rabi, a bar injin ya juya ruwan, a auna, sannan a ƙarasa. A tsarma asid ɗin a kofin ruwa tukuna, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan asid. A sa safar hannu da tabarau, a ajiye kwalbar inda yara ba za su kai ba. Idan pH ya yi nisa sosai, a dawo da shi cikin kwana biyu, kada a fizgo shi lokaci guda.

Zafin bazara

A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma baƙin tankin roba a rana yana dafa ruwa. Saiwa ta fi son ruwa mai digiri 18 zuwa 24. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na iskar oksijin a lita, mai digiri 30 kuma kimanin 7.5, alhali a lokacin ne saiwa ta fi buƙatarta. Nan ruɓa ke samun ƙofa.

A binne tanki a ƙasa ko a sa shi a inuwa, a shafa wa bututu farin fenti, a sa ƙaramin injin hura iska irin na tankin kifi. A rufe duk inda haske zai shiga ruwa, domin gansakuka na cin taki kuma tana ɗaga pH da rana. A lokacin zafi da na hunturu mai busasshiyar iska, a ajiye EC a ƙasan iyakar da aka ambata, tunda shuka ruwa take nema fiye da abinci.

Ga masu son haɗa na'ura mai aiki da kanta

Da allon Arduino ko ESP32, da bakin awon pH da na EC irin na DFRobot ko Atlas Scientific, da ƙananan famfunan ɗigo, ɗalibi zai iya haɗa tsarin da ke aika lambobi zuwa waya, har ya gyara ruwa da kansa. Akwai abubuwa uku da za a kiyaye. Bakin pH da na EC a tanki ɗaya suna rikita juna, injin tura ruwa ma yakan shigo da hayaniyar lantarki, don haka ana buƙatar allon da ke raba wutarsu. A sayi bakin da aka yi don zama cikin ruwa kullum, ba na ɗakin gwaji ba. Sannan a rubuta iyaka a cikin manhajar: ɗigo kaɗan, jira na mintuna, da adadin da ba za a wuce ba a rana. Idan wuta ta ɗauke injin juya ruwa ya tsaya, famfon asid da ke kan batir kuma ya ci gaba da ɗiga, tanki guda zai lalace cikin dare ɗaya. Ya fi kyau a fara da tsarin da ke awo yana turo saƙo kawai, a bar gyaran a hannun mutum har sai an amince da lambobin.

Littafin awo

Kowace safiya a rubuta abu huɗu: pH, EC, zafin ruwa da tsayinsa a tanki, tare da duk abin da aka zuba. Littafin makaranta ya isa, ko shafin lissafi a waya. Bayan wata ɗaya mutum zai san halin ruwan rijiyarsa, ya san asid nawa tankinsa ke ci a sati, ya kuma gane ranar da lamba ta yi abin da ba ta saba ba tun ganye bai nuna ba.

Duk lokacin da shuka ta nuna damuwa, a fara da saita na'ura, sai awon pH, sai EC, sai duba saiwa da zafin ruwa. Idan duk waɗannan suna daidai, a lokacin ne ya kamata a buɗe kwalbar taki.